Yadda Likitoci Suka Koyi Karanta Gyambo

Duk wanda ya taɓa jinyar mai gyambo ya san tambayar da ake yi wa ma'aikacin jinya ranar wankin ciwo, da zarar ya ɗaye bandeji: "Malam, yana haɗewa kuwa?" Amsar ba ta cika wuce "da sauƙi" ko "ya fara jan nama" ba. Wani lokaci kuma shiru ne, sai a ga ya ɗauki auduga ya ci gaba da aikinsa. Ba rowar magana yake yi ba. Yankan wuƙa ko ƙujewa kan haɗe cikin mako ɗaya ko biyu, amma mikin da ya shekara a ƙafar mai ciwon suga, ko a ƙwaurin wanda jijiyoyin jininsa suka saki, ko a ƙugun wanda doguwar kwanciya ta ci, ko a idon sawun mai sikila, ba ya nuna wa ido inda ya dosa. Yau ka gan shi ja wur kamar zai rufe, bayan wata uku ka same shi inda ka bar shi. Sama da shekara ɗari ke nan masu bincike suna neman wata alama a jikin mikin, wadda za a iya aunawa a rubuta da lamba, ta kuma riga ido sanin gaskiya.

Kafin wannan, abin da likita ke da shi ido ne da hanci da tafin hannu. Wata tsohuwar takardar likitancin Masar, wadda aka kwafa kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ta jera raunuka 48, kuma bayan bayanin kowanne sai likita ya yanke hukunci: wannan zan yi masa magani, wannan zan gwada, wannan kuwa ba a taɓa shi. Marubucin Rum Celsus, a ƙarni na 1, ya lissafa alamu huɗu na kumburin ciwo da har yau ake koya wa ɗaliban likitanci: ja, kumburi, zafi da raɗaɗi. Sai dai ido kan yi kuskure, kuma kuskurensa kan daɗe. Likitocin Turai sun yi ƙarnuka suna ɗaukar farar mugunya mai kauri a matsayin albishir, har wasunsu na neman jawo ta da gangan. Ba a raba su da wannan ra'ayi gaba ɗaya ba sai bayan da Joseph Lister ya wallafa aikinsa na kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa a 1867.

Awo na gaskiya ya fara ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1915 aka mayar da wani otal a garin Compiègne na ƙasar Faransa asibitin soja, ba nisa da fagen daga, da kuɗin gidauniyar Rockefeller. Shugabansa Alexis Carrel ne, likitan fiɗa Bafaranshe da ya karɓi kyautar Nobel a 1912 saboda ɗinkin jijiyoyin jini. Sojojin da ake kawo masa, ɓaraguzan bom sun tura musu ƙasar gona mai taki da tsummokaran kaki cikin nama, don haka kusan kowane rauni ruɓa yake yi. Shi da wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Henry Dakin, suka fito da hanyar wanke rauni da ruwan bilic mai rauni sosai, ana zuba shi ta ƙananan bututun roba da aka cusa cikin ciwon. Wannan shi ne abin da aka fi tunawa da su a kansa. Amma ga tarihin da muke bi, wasu abubuwa biyu da aka yi a gefe sun fi shi nauyi.

Na farko, Carrel ya ƙi yarda a ɗinke rauni don kawai ya yi kyan gani. A kai a kai ake lakato ruwan ciwon a shafa a gilashi, a rina, a sa a madubin likita, a ƙirga ƙwayoyin cutar da ke ciki, a ɗiga adadin a takardar da ke rataye a gadon majiyyaci. Sai layin ya sauko ƙasa ya zauna, sannan a ɗauko allura da zare. Na biyu kuma aikin wani matashin hafsa ne mai kan lissafi, Pierre Lecomte du Noüy. Ana shimfiɗa wata siririyar leda mai tsabta, wadda ake ganin abin da ke bayanta, a kan raunin, a bi bakinsa da fensir a zana shi daidai yadda yake, da lunguna da saƙo-saƙonsa. A kwafi zanen a takarda, a bi shi da na'urar auna faɗi irin ta masu safiyo, a sami faɗin ciwon da santimita. Bayan 'yan kwanaki a sake. Da zane-zanen suka taru, sai du Noüy ya lura cewa raunin da ba shi da ƙwayar cuta yana tsukewa ne bisa wani tsari da za a iya lissafawa, cewa na matashi ya fi na dattijo sauri, har ana iya faɗin kusan ranar da zai rufe. Idan kuwa awo ya kauce wa lissafi, to wani abu ya shiga ciwon, ko da ido bai gan shi ba tukuna. An wallafa wannan aiki daga 1916. Carrel kansa ya ɓata sunansa daga baya da mummunar aƙidar tace jinsin 'yan Adam da ya yi ta yaɗawa, har aka cire sunansa daga tituna da dama a Faransa, kuma ya cancanci hakan. Amma tunanin da ya fito daga asibitinsa, cewa a tambayi ciwo da lamba, ya rayu.

Ƙirgan ƙwayoyin cuta ya sami tsayayyen adadi bayan rabin ƙarni. A 1967 Thomas Krizek da Martin Robson da wani abokin aikinsu a Amurka suka duba raunuka 50 da za a yi wa dashen fata. Inda ƙwayoyin cutar ba su wuce 100,000 a kowane giram na nama ba, kashi 94 cikin 100 na fatar da aka dasa ta kama. Inda suka wuce haka, kashi 19 ne kawai ta kama. Wannan adadi ya zama iyaka a littattafan likitanci na tsawon shekaru. Matsalarsa ita ce sai an yanko ɗan nama, an niƙa, an shuka a ɗakin gwaji, an jira kwana biyu ko fiye. Daga baya kuma aka gane cewa yawa kaɗai ba ya faɗin komai da komai, domin akwai ƙwayoyin da kaɗan daga cikinsu ya isa ya hana ciwo sakat.

Gwajin jini ma ya shigo, sai dai amfaninsa yana da iyaka. Saurin kwantawar jajayen ƙwayoyin jini a bututu, wanda likita Edmund Biernacki na Poland ya bayyana a 1897, da furotin ɗin CRP da William Tillett da Thomas Francis suka gano a 1930 a jinin masu ciwon huhu, duka suna tashi idan jiki na fama da kumburi. A ƙafar mai suga, idan awon kwantawar jini ya haura milimita 70 a awa, likita kan fara zargin cutar ta taɓa ƙashi. Amma jini labarin jiki duka yake bayarwa. Mikin da bai fi kwabo faɗi ba zai iya tsayawa cak wata shida, jinin mai shi kuwa bai nuna komai ba.

Shekarar 1962 ce ta buɗe ƙofar shiga cikin mikin kansa. Ayyuka uku suka fito a cikinta, daga mutanen da ba su san suna aiki a kan abu guda ba.

A Ingila, George Winter ya yi ƙananan raunuka a bayan aladu, ya bar wasu a buɗe su bushe su yi ɓawo, ya rufe wasu da leda. Waɗanda aka rufe, sabuwar fata ta lulluɓe su da saurin da ya kai kusan ninki biyu. Wannan ya rushe tsohuwar al'adar "a bar shi ya sha iska". Ya kuma haifar da wani abu da Winter bai nufa ba: tun da aka fara rufe miki da leda, ruwansa ya daina tsotsewa cikin auduga, ya koma taruwa a wuri guda inda sirinji zai iya zuƙo shi a kai ɗakin gwaji.

A birnin Nashville na Amurka, Stanley Cohen ya ware wani furotin daga kaluluwar yawun ɓera, wanda idan aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa sai idanunsu su buɗe da wuri, haƙoransu su tsiro kafin lokaci. Shi ne sinadarin da ke umartar ƙwayoyin fata su hayayyafa, kuma ya jawo masa kyautar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini.

Na ukun shi ya fi ba ni mamaki, domin tambayar da aka fara da ita ba ta da wata alaƙa da asibiti. Ɗan kwaɗo yana fara rayuwa a ruwa da wutsiya, sannan wutsiyar ta ɓace. Ina take tafiya? Jerome Gross da Charles Lapière, a birnin Boston, suka yanko 'yan guntayen wutsiyar suka ɗora a kan daskararren kolajin, wato zaren furotin mai tauri da ke riƙe da fata da jijiya. Da suka dawo, sai suka ga kewayen kowane guntu ya narke ya yi garau. Ashe naman da kansa yake fitar da sinadarin da ke yanka kolajin. Wannan shi ne na farko da aka gano a cikin dangin sinadaran da yau ake kira MMP, waɗanda suka haura 20 a jikin ɗan Adam.

Binciken Cohen ne ya fara ɗaukar hankali. Aka ce to ai magana ta ƙare: gyambo ya rasa sinadarin tsiro ne, a shafa masa. Aka zuba kuɗi masu yawa. A ƙarshen 1997 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani man shafawa mai suna Regranex, wanda ke ɗauke da ɗaya daga cikin sinadaran tsiro. A babban gwajinsa, rabin masu gyambon suga da aka shafa wa shi sun warke cikin mako 20, waɗanda ba a shafa wa ba kuma kashi 35 cikin 100. An ci gaba, amma ba irin wanda aka yi tsammani ba, kuma sauran sinadaran tsiro da dama sun faɗi a gwaji. Dole aka koma tambayar abin da ke cinye su a cikin ciwon.

Wata ma'aikaciyar jinya mai bincike, Annette Wysocki, tare da Frederick Grinnell na birnin Dallas, suna cikin waɗanda suka fara amsawa. A 1990 suka nuna cewa wani furotin da ƙwayoyin fata ke takawa su rarrafa su rufe ciwo, a ruwan gyambo gutsuttsure yake, alhali a ruwan sabon raunin fiɗa lafiyarsa lau. A 1993 suka nuna masu gutsuttsura shi: MMP-2 da MMP-9 sun cika ruwan gyambon ƙafa maƙil. A wannan shekarar dai wasu masu bincike a Miami suka ɗiga ruwan gyambo a kan lafiyayyun ƙwayoyin fata a faranti, sai hayayyafarsu ta ja da baya.

Abin ya yi kama da gyaran tsohon gida. Kafin magini ya ɗora sabon bulo, sai an kira masu rushewa sun sauke katangar da ta tsage, sun kwashe ɓaraguzai. Haka jiki ke yi a kwanakin farko na kowane rauni: fararen ƙwayoyin jini su iso da sinadaransu masu narka mataccen nama, su share wuri, sannan wasu sinadaran da ake kira TIMP su taka musu burki, gini ya fara. A gyambo, masu rushewar ba sa tashi daga aiki. Duk abin da magini ya ɗora da rana sai su sauke shi, har da sinadarin tsiron da likita ya shafa da tsada.

Shaidar da ta fi gamsarwa ta fito ne daga asibitin Fremantle da ke yammacin Ostareliya, inda Naomi Trengove da Michael Stacey suka yi aiki tare da Gregory Schultz na jami'ar Florida. Majinyatansu masu gyambon ƙwauri ne da aka yi ta yi wa wanki a waje ba a ga canji ba, aka kwantar da su a gado. Da zuwansu sai a manna leda a kan mikin, a sa su saukar da ƙafar ƙasa na ɗan lokaci, ruwa ya taru a ƙarƙashin ledar, a zuƙe shi da sirinji. Bayan mako biyu na kwanciya da ɗaga ƙafa, lokacin da ciwon ya fara tsukewa, a sake ɗiba. Ka ga ke nan mutum ɗaya ne, miki ɗaya ne, an same shi a hali biyu. Rahotonsu na 1999 ya ce ƙarfin masu rushewa a ruwan gyambo ya ninka na sabon rauni kusan sau 30, kuma yana sauka idan warkewa ta kankama. Sinadaran da ke hura wutar kumburi, irin su TNF da IL-6, su ma sun bi sahu sun sauka. A 2002 ƙungiyar Florida ta ƙara da cewa, a cikin masu ciwon kwanciya 56, gwargwadon yadda MMP-9 ya rinjayi burkinsa TIMP-1, gwargwadon yadda warkewa ke wahala. A 2009 aka sami kusan haka a Sydney, a gyambon masu suga 62.

Daga nan sai kasuwa ta shigo. A wajajen 2012 wani kamfanin Ingila ya fito da gwaji mai suna WoundChek: a goga tsinken auduga a mikin, a tsoma a ruwan gwaji, a ɗiga a ɗan katin roba irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro, bayan minti 15 a karanta. Binciken da aka yi don tallafa masa ya ce kimanin kashi 28 cikin 100 na mikin da ya ƙi warkewa yana da masu rushewa fiye da kima, kuma irin wannan, tara cikin goma ba zai warke ba sai an yi wani abu. A lura da adadin farko: ko a bakin masu gwajin, sama da kashi biyu cikin uku na gyambon da ya tsaya, wani dalilin ne ya tsayar da shi. A 2018 masu tace bincike na Cochrane suka tattara ayyuka 19 da suka shafi mutum 646 masu gyambon ƙwauri, suka kammala da cewa hujjar da ke nuna awon waɗannan sinadarai zai iya hasashen warkewa tana da rauni ƙwarai. Binciken ƙanana ne, kowa da yadda yake ɗibar ruwa, kowa da abin da yake aunawa.

Ni a ganina wannan hukunci bai ƙaryata ilimin ba. A shekarar dai aka wallafa wani gwaji na ƙasashen Turai biyar mai majinyata 240, inda bandejin da ke ɗauke da sinadarin da ke rage ƙarfin MMP ya rufe kashi 48 cikin 100 na gyambon suga cikin mako 20, bandeji iri ɗaya maras sinadarin kuma kashi 30. To masu rushewa gaskiya ne, kuma taka musu burki yana da amfani. Abin da ya gagara shi ne a mayar da su ma'auni guda da za a dogara da shi a kan kowane mutum. Miki ba wuri ɗaya ba ne: bakinsa dabam, tsakiyarsa dabam, na safe dabam da na bayan wanki. Marjana Tomic-Canic da abokan aikinta a New York sun nuna a 2005 cewa ƙwayoyin fatar da ke bakin gyambo suna kunna wata ƙwayar gado mai suna c-myc, suna ta tulluwa a wuri guda maimakon su rarrafa ciki. Shi ya sa ake ganin bakin tsohon miki ya yi kauri ya yi kanta, shi ya sa kuma likita ke fere shi har ya kai ga nama mai jini, majiyyaci na ganin kamar ƙara masa ciwo ake yi.

Ana cikin wannan farauta ta sinadarai, sai tsohon awon nan na faɗi ya sake bayyana da ƙarfinsa. A 2003 Peter Sheehan da abokansa suka duba bayanan masu gyambon suga 203. Waɗanda mikinsu ya ragu da fiye da rabi cikin mako 4 na farko, kashi 58 cikin 100 sun warke zuwa mako na 12. Waɗanda nasu bai kai haka ba, kashi 9 ne kawai. Har yau babu sinadarin da ya ture wannan awo daga kujerarsa, kuma shi ne ya zama ƙa'ida a asibitocin miki: in an yi wata guda ana kulawa yadda ya kamata, ciwo bai ragu da rabi ba, a daina maimaita abu ɗaya, a koma a binciki dalili. Abin da ake bukata ruwla ce ko leda da alƙalami, da littafin da za a rubuta a kuma ajiye.

Dalilin da aka fi samu idan an koma bincike shi ne jini ba ya isa. Ana gwada hawan jinin idon sawu da na hannu a kwatanta, ko na babban yatsan ƙafa, ko a manna wata 'yar na'ura a fata ta auna iskar oksijin da ke ratsowa. Ƙa'idojin ƙwararrun ƙafar masu suga na duniya sun ɗauki hawan jinin yatsa da ya kai 30, ko oksijin fata da ya kai 25, a matsayin alamar cewa akwai fatan warkewa. Ƙasa da haka, maganar buɗe jijiya ake yi, ba ta sauya bandeji ba. Ga kuma gwajin da aka bayyana a Boston a 1995, wanda bai wuce a zura tsabtataccen tsinken ƙarfe maras kaifi cikin mikin ba. In ya ƙwanƙwasa ƙashi, akwai yiwuwar cuta ta shiga ƙashin.

Zafin fata kuwa daga wurin kutare aka koyo shi. Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Ingila da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya daga 1946, sannan ya koma asibitin kutare na Carville a Amurka, shi ya nuna cewa kuturta ba cin yatsu take yi ba. Jin zafi take kashewa, mutum ya yi ta taka ciwo bai sani ba har ya ruɓe. Ya koya wa ma'aikatansa da majinyatansa su riƙa shafa ƙafa da hannu suna neman wurin da ya fi sauran ɗumi, domin nan ne nama ke ƙujewa daga ciki kafin fata ta fashe. Ciwon suga ma haka yake kashe jijiyar ji, don haka David Armstrong da Lawrence Lavery suka ɗauki darasin suka sa masa lamba. A gwajin da aka wallafa a 2007, an bi mutum 173 da suka taɓa yin gyambo har wata 15. An ba wasu ma'aunin zafi su auna wurare a tafin ƙafa biyu kullum. In wani wuri ya ɗara takwaransa na ɗaya ƙafar da digiri 2.2, su rage tafiya su kira ma'aikaciyar jinya. Kashi 8.5 cikin 100 ne suka sake yin gyambo a cikinsu, sauran kuwa kusan kashi 30.

Ƙwayoyin cuta ma an sake musu kallo. A 2008 masu bincike na jihar Montana da wani asibitin miki a Texas suka duba nama da madubi mai ƙarfi, suka ga a gyambo 30 cikin 50 ƙwayoyin sun dunƙule cikin wani yauƙi da suka saƙa wa kansu, wanda maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsa shi da sauƙi. A sabon rauni, 1 cikin 16 ne kawai. A Toronto ta Kanada, Ralph DaCosta ya ƙera kyamarar hannu mai suna MolecuLight: a kashe fitilar ɗaki, a haska mikin da haske mai launin shuni, sai wuraren da ƙwayoyi suka yi yawa su yi ja, wata ƙwaya mai suna Pseudomonas kuma ta yi shuɗi-shuɗi. Mai wanki ya ga inda zai kankare da idonsa, ya kuma ga ko ya fita.

Ina namu majinyatan a cikin wannan tarihi? Tsakanin 2016 da 2017 likitocin suga a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da na Kano da na Zariya, sun bi mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. An yanke wa kashi 35.4 cikin 100 wani sashe na ƙafa, kashi 20.5 kuma sun rasu. Abubuwan da suka yi hasashen yankewa ba baƙi ba ne: mikin da ya wuce wata guda kafin a zo asibiti, toshewar jijiyar jini, cuta a ƙashi, furotin a fitsari, yawan fararen ƙwayoyin jini. Fiye da rabinsu kuma suna da ƙarancin jini. Da dama daga cikin waɗannan, ƙaramin ɗakin gwaji zai iya auna su. Abin da ke ci mini rai shi ne watan nan guda da ake ɓatawa a gida, ana cewa daji ne, ba ya son allura, ana bi da shafe-shafe, alhali shi ne daidai tsawon lokacin da ruwla ke bukata ta faɗi gaskiya.

A 'yan shekarun nan hankali ya koma kan bandejin da zai riƙa awo da kansa. A 2021 jami'ar ƙasa ta Singafo ta nuna wani mai auna zafi, da tsamin ruwan miki, da sinadaran kumburi huɗu, da ƙwayar cuta ɗaya, ya aika wa waya sakamako cikin minti 15. Awon tsami yana da tushe: lafiyayyar fata tsami-tsami gare ta, gyambo kuwa yakan karkata ɓangaren kanwa. A 2022 jami'ar Stanford ta gwada wani a kan ɓeraye, wanda ke awo yana kuma sakar wa ciwon 'yar wutar lantarki. A 2025 ƙungiyar Wei Gao ta Caltech ta gwada nata a kan mutum 20. Ayyuka ne masu kyau, amma mutum 20 mafari ne, kuma tarihin MMP ya isa ya sa a jira manyan gwaje-gwaje kafin a yi guɗa.

A 2025 ɗin dai wani sakamako ya fito da ya taɓa ƙarshen jinya maimakon farkonta. An daɗe da sanin cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na gyambon suga da ya warke yana dawowa cikin shekara guda. Gamayyar asibitocin da cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka ta kafa a 2018 don neman alamomin gyambon suga ta bi mutum sama da 400 waɗanda mikinsu bai daɗe da rufewa ba. Aka ɗora musu wata 'yar na'urar hannu, wadda likitocin fata suka daɗe suna amfani da ita, a kan tabon, tana auna yawan danshin da ke tsiyayewa ta cikin fata. Lafiyayyar fata riƙe ruwa take yi. Sai aka ga tabon wasu, duk da ya rufe a ido, yoyo yake yi, kuma waɗannan su ne mikinsu ya fi sake buɗewa cikin mako 16, kusan ninki biyu na sauran. Ƙa'idar da hukumar magunguna ta Amurka ke bi ita ce a kira miki warkakke idan fata ta rufe shi, ba ya ruwa, ba ya bukatar bandeji, aka kuma tabbatar da haka a ziyara biyu da mako biyu a tsakaninsu. Chandan Sen da sauran masu binciken sun nemi a ƙara sharaɗi guda a kan wannan: sai an auna an ga sabuwar fatar ta koma riƙe ruwa kafin a sallami majiyyaci a ce masa ya warke.